Ƙugiya a Kunne: Nazari a Kan Farkon Koyon Kamun Kifi da Ƙudan Jabu

Kamun kifi da ƙudan jabu wani nau'in fatsa ne wanda ba a sa wa ƙugiyarsa tana ko fara ko wani ƙoto mai rai, sai dai a naɗe ta da zare da ulu da gashin tsuntsu har ta ɗauki siffar ƙwaron da kifi ya saba cafkewa a ruwa, sannan a jefa masa ita da fatan zai ruɗu. A fatsar da aka sani dalma ce ke da nauyi, ita ce ke jan zare zuwa tsakiyar ruwa. A nan kuwa ƙudan ba shi da nauyin da za a yi jifa da shi, saboda haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta, aka yi ta mai kauri da santsi, mai jifa kuma yana kaɗa sanda baya da gaba har igiyar ta miƙe a iska ta ɗauki ƙudan ta ajiye shi inda ake so. Abin da littattafan koyarwa ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne sakamakon wannan tsari, wato a kowane jifa guda ƙugiya tana wucewa ta gefen kan mai jifa aƙalla sau biyu, da tafiya da dawowa, kuma a duka biyun a guje take.

Sana'ar tsohuwa ce. Marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya, ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura masa gashin wuyan zakara guda biyu, su kama wani kifi mai ɗige-ɗige da shi. A Ingila kuma an buga wani ɗan littafi a 1496, wanda ake dangantawa da Juliana Berners, mai ɗauke da kwatancin ƙudaje 12 da watan da kowanne ya dace da shi. Daga baya abin da ya fi bunƙasa a fagen shi ne gardama. Frederic Halford, wanda ya fitar da littafinsa na farko a 1886, ya kafe a kan cewa a kogunan kudancin Ingila masu ruwa garai-garai irin su Test, ƙudan da ke yawo a saman ruwa ne kaɗai ya dace da mutumin kirki, G.E.M. Skues kuwa, wanda ya yi zamaninsa a kogin Itchen, ya ce kifi ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa, don haka a nutsar masa da ƙudan. Halford ya rasu a 1914, amma mabiyansa ba su haƙura ba, sai da suka zaunar da Skues a wata muhawara a Landan a 1938, yana dab da cika shekara 80, suka yi masa taron dangi. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamaki ba idan ya tarar a kowane bakin ruwa a ƙasar akwai dattijo guda a tsaye, hannu cikin aljihu, yana jiran wani ya yi kuskure.

Mai koyon da wannan nazari ya shafa, wanda kuma shi ne ya zauna rubuta shi tun kumburin kunnensa bai gama sacewa ba, ɗalibi ne a wata jami'a a arewacin Ingila, kuma babu amfanin ɓata lokaci a kan yadda ya faɗa harkar. Ya yanki lasisin kamun kifi na Hukumar Kula da Muhalli, wanda rashinsa kan jawo tarar da za ta iya kaiwa fam 2,500. Ya sayi sanda mai tsawon ƙafa 9 da igiya mai lamba 5, lambar da ke nufin ƙafa 30 na farkon igiyar sun kai nauyin giram 9 ko kusa da haka. Ya ƙulla mata siririn zaren nailan a baki, wanda shi ne ke shiga tsakanin igiya mai kauri da ƙuda don kada kifi ya ga abin da ake shirya masa. Da ya tsaya a nan, ya sayi 'yan ƙudaje a shago kamar kowa, da wataƙila wannan nazari bai sami abin dogaro ba. Sai ya zaɓi ya ɗaura nasa da hannunsa.

Ɗaurin ƙuda fanni ne mai zaman kansa. Ana matse ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe da ake kafawa a gefen tebur, a fara naɗa mata zare daga wajen ido, wato ƙofar da ake zura zaren nailan, zuwa inda ta lanƙwasa, sannan a ɗaura wutsiya, a naɗa gangar jiki, a kewaye wuyan da gashin zakara yadda tsinkayensa za su miƙe su zama ƙafafu, a rufe da ƙulli a bayan idon. Kayan aikin sun haɗa da gashin kunnen zomo, da gashin da ke kewaye da wurin maiƙo a gindin wutsiyar agwagwa wanda ba ya jiƙewa da wuri, da gashin zabo, da wani lallausan gashi da a da ake cirowa daga jikin babba-da-jaka, yanzu kuwa daga talotalo. Son gashi a wannan fanni yakan wuce hankali, domin a 2009 wani ɗalibi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan ya fasa gidan adana tarihin halittu da ke Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu tun ƙarni na 19 aka tattaro su, don ya sayar wa masu ɗaurin ƙudan kifin salmon. Mai koyon bai kai nan ba. Shi gashin zabo ya samu, da jan ulu irin na mutanen Makidoniya, da ƙugiya mai lamba 8, kuma ya kamata a bayyana cewa lambar ƙugiya a juye take tafiya, ƙaramar lamba babbar ƙugiya. Abin da ya fito daga hannunsa ya fi kama da ɗan tsakon da ya faɗa tukunyar manja aka tsamo shi, amma ɗaurin ya yi ƙarfi, domin ya naɗa zare fiye da kima, ya kuma bi shi da gam.

Saura batun haƙori. A bayan tsinin ƙugiya akwai ɗan haƙori mai kallon baya, aikinsa ya hana ta fita daga naman da ta shiga, kuma kusan duk mai koyarwa yana cewa a danne shi da filaya kafin a fara, don kifin da za a saki ya tafi lafiya, mai jifa shi ma ya koma gida lafiya. Mai koyon ya auna wannan shawara, ya ga cewa wanda bai taɓa kama kifi ba bai kamata ya buɗe wa kifinsa na farko ƙofar gudu ba, ya bar haƙorin yadda maƙera suka yi shi. Hujjar ba ta da aibi ta fuskar hankali, kuma ƙugiyar ta gaskata ta, domin abin da ta kama bai gudu ba.

Wurin da abin ya faru ƙaramin tafki ne a Yorkshire, irin waɗanda ake zuba wa kifin tirawut a kuma yanki tikitin yini kafin a shiga, lokacin kuwa watan Afrilu ne, ranar da iska ke kaɗawa daga dama zuwa hagu. Ga mai jifa da hannun dama wannan ce iska mafi muni, domin igiyar da ya kamata ta wuce nesa da kafaɗarsa ta dama, iskar tana turo ta kansa, kuma shi ya sa ake umartar mai jifa ya sa tabarau ya kare idanu, ya sa malfa ya kare wuya da kunnuwa. Tabarau kam ya sa. A maimakon malfa kuwa, hular da ya zo da ita daga gida ya kafa, zanna-bukar mai kyan ɗinki wadda ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin rufe kunne ba.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki daƙiƙa biyu ba, amma ya cancanci a bi shi daki-daki. Mai koyon ya ɗaga sanda, igiya ta tashi daga ruwa ta wuce baya. A ƙa'ida sai ya tsayar da sandar tana kallon sama kaɗan a bayan kansa, ya kuma dakata har igiyar ta miƙe sosai kafin ya turo ta gaba, amma sai ya saki wuyan hannu, bakin sandar ya faɗi ta baya, igiyar ta sauko daidai tsayin kafaɗa, iska kuma ta karkato da ita hagu. Da ya turo sandar gaba, igiyar ta wuce ta gefen wuyansa tana shuu, zaren nailan ya biyo ta, ƙudan ya biyo zaren, ya tarar da fatar kunnen dama a kan hanya, ya shige ta ta baya. Zuwa nan tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, kuma ya sami manyan gwanaye. Abin da ya mayar da shi abin nazari shi ne mataki na gaba. Duk littafin da mai koyon ya karanta, da duk bidiyon da ya kalla, sun haɗu a kan umarni guda, wato da zarar an ji an ja igiya, a ɗaga sanda nan take domin ƙugiya ta kafu. Ya ji an ja igiya. Ya ɗaga sanda.

Yana da kyau a sake duba wannan ɗagawa, domin ita ce kaɗai abin da ya yi daidai a duk yinin. Hannun hagu ya janyo ragowar igiya ya riƙe ta gam, hannun dama ya tashi da sanda ba gaggawa ba kuma sanyin jiki, sandar ta yi baka yadda ake nunawa a bangon littattafai, kuma na ɗan wani taƙi, kafin saƙon kunne ya isa ƙwaƙwalwa, zuciyarsa ta cika fal da murnar cewa kifi ne, babba ma kuwa, tunda ya ji nauyinsa har a kansa. Har ya buɗe baki ya fara hamdala, hamdalar ce ta rikiɗe a tsakiya ta zama salati. Da ya ja, kansa ya karkata yana bin sandar. Da kansa ya karkata, igiyar ta yi sako-sako. Shi kuwa an koya masa cewa ta sakin igiya kifi ke kuɓucewa, sai ya ƙara ɗagawa. An daɗe ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma masu wannan magana ba su yi tanadin ranar da kunnen ne ya shiga hannu, jikin kuma shi ne ke riƙe da sandar ba.

Idan aka tsayar da abin a nan, ga abin da mai wucewa zai gani: mutum a tsaye a bakin tafki, kai a karkace, hannu a sama, igiya ta fito daga bakin sanda ta sauko ta ƙare a kunnensa, jan ƙuda mai gashin zabo yana lilo a gefen wuyansa, hula kuma ta bi iska ta sauka a ruwa tana juyawa a hankali. Wani tirawut ya taso ya leƙa hular, ya koma. Shi ne kifi na farko da ya nuna sha'awar wani abu nasa.

A wannan hali dattijon ya iso, cikin koriyar jaket da ta ga shekaru, kare yana biye da shi. Ya yi gaisuwa, ya ce iska ta ɗan yi ƙarfi yau, ya zagayo ta dama inda zai fi ganin kunnen da kyau, ya yi shiru, sannan ya yanke hukuncin cewa matsalar daga wuyan hannu take. Ya bayyana cewa ana kwatanta jifa da fuskar agogo, mai jifa yana tsakiya, sanda ita ce hannun agogon, sai ta tsaya a ƙarfe 10 ta gaba da ƙarfe 2 ta baya, shi kuwa saurayin ya kai ta ƙarfe 3 har da 'yan mintoci. Maganin abin, in ji shi, shi ne a cusa gindin sandar cikin hannun riga don wuyan hannu ya kasa lanƙwasawa, wasu kuma sukan matse littafi a hammata don gwiwar hannu ta daina yawo, ya tambaya ko akwai littafi a jaka. Da aka ce babu, ya ce jarida ma tana yi. Daga nan ya karɓi sandar domin ya nuna a aikace, ba tare da ya damu da inda ɗaya ƙarshen igiyar yake ba, ya kai ta ƙarfe 10 a hankali, kan mai koyon ya bi ta zuwa ƙarfe 10, ya mayar da ita ƙarfe 2, kan ya koma ƙarfe 2, ya maimaita don darasin ya zauna, karen kuma ya zauna yana bin su biyun da ido.

Darasi na biyu a kan iska ne. Idan tana zuwa daga ɓangaren hannun jifa, in ji dattijon, sai mutum ya juya wa ruwa baya ya yi jifan ta baya, ko ya ɗauko igiyar ta kan kafaɗar hagu, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ya tafi ɗaya gaɓar tafkin inda iskar za ta riƙa ture igiyar daga jikinsa. Ya nuna gaɓar da yatsa, ya ce da can ya tsaya da duk wannan bai faru ba, kuma ya faɗi haka ne da murya mai taushi, ba tare da ya san cewa ihu bayan hari yake yi ba.

Sai ya ciro tabaransa na karatu ya maƙala, ya nemi izini, ya kama kunnen da yatsu biyu ya juyo shi wajen haske. Mai koyon ya ɗauka an zo batun cirewa, ashe ƙudan ake dubawa. Dattijon ya ce wutsiyar ta yi tsawo, gangar jikin ta yi ƙiba, kan ya cinye rabin idon ƙugiya, gashin zabon kuma an ɗaura shi a juye, lanƙwasarsa tana kallon gaba maimakon baya. Mafi girman kuskure, a ganinsa, shi ne na lokaci, domin a watan Afrilu abin da tirawut ke ci a tafki shi ne tsutsar wani ƙwaro mai siffar sauro wanda ba ya cizo, tana tasowa daga laka zuwa saman ruwa don ta ƙyanƙyashe, kuma ana kwaikwayonta ne da baƙin zare siriri a ƙugiya mai lamba 12 ko 14. Ya ce babu kifin da zai taɓa wannan jan abu a wannan wata, ya saki kunnen. Amma ya yi adalci, ya yaba ƙullin zaren nailan da bai kwance ba duk da jan da ya sha, ya kuma ce ya daɗe bai ga sabon shiga ya kafa ƙugiya a kan lokaci haka ba, domin yawancinsu sukan makara.

Da mai koyon ya sami sarari ya tambaya, cikin ladabin da ya dace da babba, ko akwai yadda za a yi a cire, fuskar dattijon ta washe, domin an taɓo fannin da ya fi ƙwarewa. Ya ce akwai hanyar zare: a sarƙafa zare mai ƙarfi a lanƙwasar ƙugiya, a danne idonta zuwa jikin fata don haƙorin ya saki nama, sannan a fizge zaren da sauri, ƙugiyar ta fita ta inda ta shiga. Ya kwatanta dannawar da babban yatsa, ya kwatanta fizgewar har karen ya zabura, ya ba da labarin yadda ya yi wa surukinsa haka a yatsa da yadda surukin ya daina yi masa magana na wani lokaci, sai da ya gama duka ya ƙara da cewa ba a yin wannan hanya a kunne, domin kunne ba a kafe yake ba, biyo zaren zai yi. Hanya ta biyu ita ce a ƙarasa tura ƙugiyar har tsininta ya ɓullo ta ɗaya gefen, a datse haƙorin da filaya, a zare ragowar ta baya. Filayarsa tana cikin ɗaya jaket ɗin. Abin da ke aljihunsa ɗan almakashi ne, da shi ya yanke zaren nailan, bayan ya ɓata lokaci yana neman wurin da za a yanke ba tare da an yi asarar zare mai yawa ba, tunda zaren ya yi tsada a 'yan shekarun nan.

Gaskiya ta wajabta a rubuta cewa babu ko ɗaya cikin maganganun dattijon da ba daidai ba, kuma mai koyon, wanda ya shafe yinin yana kaɗa sanda ba tare da ya fahimci komai ba, ya fi jin daɗin wannan zama fiye da duk jifan da ya yi, ko da yake da kunne ɗaya ya saurare shi. Dattijon ma ya so a tsawaita zaman. Ya tunatar da shi cewa tikitin yini bai ƙare ba, kifi kuma ya fi tasowa dab da magariba, kunnen kuwa babu inda za shi. Ya kuma kawo batun littafin da ke ɗakin bakin ƙofa, inda kowa ke rubuta abin da ya kama da nauyinsa da ƙudan da ya kama shi, ya yi ɗan nazari, ya ce a fahimtarsa sai a rubuta babu, domin abin da bai shiga koma ba ba a lissafa shi.

Shi ne dai ya kai mai koyon wata ƙaramar cibiyar lafiya a motarsa, karen yana kujerar baya yana shinshinar gashin zabon ta kan kafaɗa. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi ranar da aka yi masa rigakafin tetanus, ta yi wa kunnen allurar kashe zafi, ta bi hanya ta biyu yadda aka tsara ta, ta miƙo masa ƙudan a ɗan kofin roba, tsininsa a gefe. Dattijon, wanda ya jira a waje, ya karɓi kofin ya sake maƙala tabarau, ya ce yanzu ƙudan ya zama daidai abin da sabon shiga ke bukata, domin ƙa'ida ita ce a fara koyon jifa a filin ciyawa, nesa da ruwa, da ƙudan da aka datse wa tsini, kuma ya yi mamakin yadda babu wanda ya gaya masa.